Adashin Ilimi: Yadda Malamanmu Za Su Ƙaru da Juna



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, limamanmu da malamanmu, shugaban ƙungiya da sakatarensa, iyayenmu mata, matasa, jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wasallam.

Kwamitin ilimi ne ya ɗora mana nauyin yin magana a madadin 'yan kasuwa. Mu dai ba malamai ba ne. Karatunmu na Islamiyya ne, sauran rayuwar kuwa a bakin rumfa muka yi ta. To amma kuɗin makaranta daga aljihunmu yake fita, yaran da ke zaune a kan bencinan nan kuma namu ne, saboda haka muna da ta cewa, kuma muna roƙon malamai su yi mana uzuri in harshe ya yi kaifi.

Duk lokacin da aka zauna a kan maganar makarantun unguwar nan, abin da ake tattaunawa sananne ne: kwano yana yoyo, benci ya karye, albashi ya makara, wane bai biya kuɗin zango ba. Duk gaskiya ne, kuma duk sai an yi su. Amma akwai tambaya guda da ba a cika yin ta ba. Malamin da aka ɗauka shekara biyar da suka wuce, yau ya fi ranar da aka ɗauke shi iya koyarwa? In ya fi, a ina ya koya? In kuwa bai fi ba, wa ya ba shi hanyar da zai fi ɗin?

Ku dubi yadda aikin malami yake. Da safe ya shiga aji ya ja ƙofa. Daga shi sai yara sai allo. Abin da ya yi daidai babu babban da ya gani balle ya ɗauka, abin da ya karkace kuma babu wanda ya gani balle ya miƙe masa. Malamin aji uku da malamin aji huɗu bango ɗaya ne tsakaninsu, suna jin muryar juna kullum, amma sai su shekara goma ɗaya bai taɓa zama ya ga yadda ɗan'uwansa yake koyar da rabawa ba. In an tashi tara su haɗu a gindin bishiya, hirar ta albashi ce ko ta ƙwallo. Ranar da gwanin cikinsu ya bar aiki, ko ya koma Arewa, ko Allah ya yi masa rasuwa, ya tafi da gwanintarsa cikin kansa. Wanda ya gaje shi sai ya sake farowa daga ƙasa, kuma a kan 'ya'yanmu zai yi koyon.

Mu a kasuwa ba haka muke yi ba. Unguwar nan tamu ta Sabo an kafa ta a Ibadan tun 1916, kuma goro da shanu ne suka riƙe ta. Wa ya taɓa ganin an koyi goro a ɗaki shi kaɗai? Yaro yana zaune ne cikin manya ana kwance huhu. Wannan ya ɗaga ƙwaya ya ce daushe ne, wancan ya karɓa ya juya ya ce a'a, duba nan. A nan yake koyon raba goriya da marsa da minu, a nan yake gane mai sankara tun kafin a fasa, a nan yake ganin yadda ake shimfiɗa ganyen fita don kada kaya su bushe a hanyar Kano. Kuma ba yaron kaɗai ke ƙaruwa ba. Dattijon da ya shekara arba'in a harkar ma yakan ji abin da bai sani ba daga bakin wanda ya dawo daga Shagamu jiya. Ilimin goro na rumfar ne gaba ɗaya, shi ya sa mutuwar mutum ɗaya ba ta kashe shi. To me ya sa sana'ar da ta fi goro daraja, wato gyaran ƙwaƙwalwar yaro, za a bar kowa ya yi ta a ɓoye?

Wani zai ce ai akwai takarda. Haka ne, kuma ba mu raina takarda ba. A da takardar Gireti Tu ta isa mutum ya koyar a firamare, yanzu kuwa NCE ce mafi ƙarancin abin da gwamnati ta yarda da shi. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, domin a lokacin yara sun cika makarantu malamai ba su isa ba. A 1993 aka yi dokar kafa hukumar rajistar malamai, TRCN. Duk wannan yana da kyau, muna ma ƙarfafa wa malamanmu da ba su da takardar su nema. Sai dai takarda shaida ce ta abin da mutum ya sani ranar da ya rubuta jarrabawa. Ba ta bin sa cikin aji ta ga yadda yake yi da yaron da ya kasa gane haruffa.

Kun tuna abin da ya faru a Jihar Kaduna a 2017. Gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, wato 75 cikin 100, daga baya aka sallame su aka ɗauki sababbi. An yi ta gardama a kan lamarin, mu ba za mu sake buɗe ta a nan ba. Abin da muke so a lura da shi, da yawa daga cikin mutanen nan da takardunsu a hannu, kuma sun shekara da shekaru suna shiga aji suna fita. Jarrabawa ta nuna ciwon, amma awo ba ya ƙara wa buhu nauyi. Sababbin da aka ɗauka ma, in aka rufe kowa a ajinsa shi kaɗai, ina za su samu ƙari?

Sai kuma bita. Akan kira malami ɗaya daga makaranta ya je otal ko sakatariya kwana uku, a yi masa lacca daga safe har yamma, a ba shi jaka da biro da ɗan alawus, ya dawo. Ranar Litinin ya shiga aji ya ci gaba da yadda ya saba. Ba don ba ya so ba ne. Abin da aka faɗa masa a can an faɗe shi ne ba tare da yaransa ba, ba tare da allonsa da ya koɗe ba, kuma da ya dawo babu wanda zai gwada abin tare da shi.

Yanzu bari mu kai ku nesa kaɗan, ƙasar Japan, domin su ne suka fi shahara da abin da muke son kawowa. Suna kiransa jugyo kenkyu, ma'anarsa nazarin darasi. Abu ne daɗaɗɗe a wurinsu, asalinsa yana komawa ga shekarun 1870, bayan da suka buɗe makarantar horon malamai ta farko a Tokiyo a 1872. Sauran duniya ba ta farga da shi sosai ba sai bayan wani bincike da aka yi wajen 1995, inda aka ɗauki bidiyon darussan lissafi 231 a azuzuwan yara 'yan shekara goma sha uku zuwa sha huɗu: 100 a Jamus, 81 a Amurka, 50 a Japan. Wasu malaman jami'a biyu na Amurka, James Stigler da James Hiebert, suka fitar da littafi a kan abin da suka gani a 1999. Abin da suka gano, malaman kowace ƙasa kusan salo ɗaya suke bi, domin kowa yana koyarwa ne yadda aka koyar da shi, ko ya sani ko bai sani ba. Bambancin Japanawa shi ne suna da tsarin da suke gyara salon nasu da kansu, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara.

Ga yadda suke yi. Malamai kamar huɗu ko shida na makaranta ɗaya za su zaɓi abu guda da ke ba yara wahala. Ba littafi duka ba, darasi ɗaya tak, na ƙasa da awa guda. Za su yi makonni suna zama a kansa. Wace tambaya za a fara da ita? In an yi ta, me yara za su amsa? Har amsoshin da ba daidai ba sai sun zauna sun hango su tun kafin ranar, sun shirya abin da malami zai ce in sun fito. Sannan ɗaya daga cikinsu ya shiga ya koyar, sauran su tsaya a gefe da bayan aji da takarda a hannu. Ku saurari wannan da kyau, domin shi ne ƙashin bayan abin: idonsu ba a kan malamin yake ba, a kan yara yake. Wannan ya leƙa littafin yarinyar can ya rubuta yadda ta bi ta samu amsa, wancan ya lura da yaron da ya ajiye fensir tun minti goma da farawa. Ba sa taimaka wa yaro, ba sa katse malami. In an tashi sai su zauna a ranar, wanda ya koyar ya fara magana, sannan kowa ya kawo abin da ya gani. Sau da yawa sukan gayyato wani masani daga waje ya yi jawabin ƙarshe. Daga nan su rubuta abin da suka koya su ajiye, wanda zai zo bayansu ya samu.

Mu ba ku misali don ku ga zurfin abin. In za a fara koya wa ɗan aji ɗaya ɗebewa mai aro, yawancin littattafan Japan da 13 a ɗebe 9 suke farawa. Wani zai ce to mene ne a ciki, ai da 13 a ɗebe 9 da 12 a ɗebe 3 duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. In ka ba yaro 12 a ɗebe 3, zai lanƙwasa yatsu uku ya ƙirga baya ya ce tara, ya samu amsa amma bai koyi sabon abu ba. In ka ba shi 13 a ɗebe 9, ƙirga baya har sau tara ya yi masa tsawo, sai ya nemi gajeriyar hanya. Tara kusa take da goma, sai ya raba sha uku gida biyu, goma da uku, ya cire tara daga goma saura ɗaya, ya haɗa da ukun nan, huɗu ke nan. Ya gano aro da kansa. Wannan zaɓin lamba ba mutum ɗaya ne ya yi mafarkinsa ba. Malamai ne masu yawa suka gwada, suka kalli yara, suka yi gardama, har aka tsaya a kansa. Hatta allo akwai yadda suke tsara shi: ba sa gogewa sai an gama, ta yadda yaro zai ɗaga kai a ƙarshe ya ga darasin tun daga tambaya har hanyoyin da 'yan ajinsu suka bi.

Abin bai tsaya a Japan ba. Hukumarsu ta taimakon ƙasashe, JICA, ta shiga aikin horon malaman lissafi da kimiyya a Kenya a 1998, Zambiya ta fara nazarin darasi a makarantunta a 2005, a nan Nijeriya kuma aka fara wani shiri mai suna SMASE a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Amma a ganinmu duk shirin da zai taso daga Abuja, ya sauka a jiha, ya gangara ƙaramar hukuma kafin ya iso aji, kamar shayi ne da kowa ke ƙara wa ruwa a hanya. Kuma makarantun al'umma irin namu su ne na ƙarshe a layi, in ma an tuna da su. Saboda haka jiran gwamnati ba namu ba ne.

Kada kuma wani ya ce an zo mana da baƙon abu daga ƙasar masu cin shinkafa da tsinke. Alarammomin da ke zaune a nan gaba sun san darasu. Gardi zai rubuta satunsa a allo ya kawo gaban mahaddata, a zauna a kewaye, ya karanta ana bi, wannan ya kama wasali, wancan ya kama ɗigo, wani ya kawo harji ya ce irin wannan kalma sau kaza ta zo kuma ga wuraren. Wanda ya kawo allon ya ƙaru, waɗanda suka zo gyara ma sun ƙaru, domin har gwani yakan ji abin da ya shige masa. Haka musaffa take, ana karɓa-karɓa kowa kunnensa a kan ɗan'uwansa. Ba a taɓa jin alaramma ya ce an ci mutuncinsa don an gyara masa allo ba. Da wannan aka tsare karatun Alƙur'ani a ƙasar Hausa da Barno ɗaruruwan shekaru, ba sufeto, ba alawus.

Iyayenmu mata kuma, ku kuna da naku tarihin. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru a shekarun 1830. Takan zaɓi mata dattijai masu hankali ta naɗa su jaji, ta ba su malfa da jan ƙyalle alamar izini. Su kan taso daga ƙauyuka da ayarinsu su zo wurinta, su zauna tare su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan garuruwansu, sannan su sake dawowa da tambayoyin da suka taras. Malamai ne ke koyo a ƙungiya, suna komawa suna gwadawa, suna dawowa. Abin da ya rage mana shi ne mu ɗauki wannan ɗabi'a ta gyara wa juna karatu mu kai ta kan gyara wa juna koyarwa. Sanin karatu daban, iya sa yaro ya gane shi daban, kuma na biyun ne ba mu da wurin zama dominsa.

Mu mazauna nan mun ma fi 'yan'uwanmu na gida bukatar wannan zama. Yaronmu yana tashi da Hausa a cikin gida, ya fita titi ya yi Yarbanci, ya je boko a yi masa Turanci, da yamma ya zo Islamiyya a yi masa Larabci. Harshe huɗu a kan ɗan shekara bakwai. Babu kwalejin da ta shirya malami musamman domin irin wannan yaro. Malamar Bayarabiya da ke koya masa Turanci ba lallai ta san cewa Bahaushe yakan haɗa P da F ba, sai ta ɗauka taurin kai ne. Malamin da ya zo daga Zariya ko Katsina yana koyar da tajwidi, shi kuma yana mamakin yaron da sunansa na Hausawa ne amma ƙ da ɗ da ts ba sa fita a bakinsa, balle a je ga haruffan maƙogwaro na Larabci. Kowannensu yana riƙe da rabin maganin, kuma ba su taɓa zama wuri ɗaya ba.

Ku koma kan lissafin nan na ɗazu. Bahaushe yana cewa ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu, maimakon sha tara da sha takwas. Ƙirgan Yarbawa kuwa a kan ashirin-ashirin aka gina shi, kuma cike yake da ɗebewa: sha biyar a wurinsu ashirin ba biyar ne, hamsin kuma sittin ba goma. Ga kuma yaron da ke taya uwarsa talla, wanda in an ba shi kuɗi ba ya ɗebewa irin ta littafi, sai ya faro daga kuɗin kaya ya yi sama har ya cike abin da aka ba shi, ya miƙa canji ba kuskure. Wato yaranmu suna shiga aji da ɗebewa iri uku a bakinsu, sannan a rubuta musu a allo su kasa, a ce ba su da ƙwaƙwalwa. Wallahi in malamin Bahaushe da malamar Bayarabiya suka zauna awa ɗaya a kan wannan kaɗai, darasin da za su fito da shi babu shi a littafin da ake sayarwa a Dugbe.

Sai maganar masu koyon aikin, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Iri uku ne suke zuwa mana. Akwai ɗaliban kwalejojin ilimi da ake turowa gwajin koyarwa na wasu watanni. Akwai 'yan bautar ƙasa, waɗanda da yawansu ba aikin malanta suka karanta ba. Akwai kuma namu na gida, yaro ko yarinyar da suka sauke a Islamiyyarmu aka ga suna da ƙoƙari, aka ce su riƙe ajin ƙanana. Abin da aka saba yi da su duka ɗaya ne: a miƙa musu alli da rajista a nuna musu ƙofa. A wasu makarantun ma zuwan ɗalibin kwaleji hutu ne ga mai ajin, sai ya bar masa yara ya tafi sabgarsa. Malamin kwalejin da zai duba shi ya zo sau ɗaya ko biyu, ya zauna a baya ya ba da maki ya tafi. To me yaron nan ya koya? Ya koyi yadda ake tsawa da yadda ake cika allo da rubutu a ce a kwafa, domin abin da aka yi masa ke nan yana ƙarami.

Wane mai gida ne a cikinku zai ɗauki sabon yaro yau, gobe ya ba shi mabuɗin shago da littafin bashi ya tafi Ikko? Ai sai ya zauna kusa da kai ya ga yadda kake taya kaya, yadda kake sallamawa, yadda kake yi da mai bashin da ya zo da labari. Sannan ka bar shi ya yi ciniki kana gefe kana yi kamar ba ka ji, in mai saye ya tafi ka ce masa ga inda ka yi sauri. Abin da muke nema wa sabon malami ke nan. Makonnin farko ya zauna ya kalli mai ajin. Bayan haka su raba darasi, wannan ya buɗe wancan ya rufe. Sannan ya riƙe shi kaɗai mai ajin yana zaune. Kuma a sa shi cikin zaman malamai tun ranar farko, a ba shi bakin magana. Kada ku raina abin da zai kawo. Shi ne ya fito daga kwaleji jiya, ya ga sababbin hanyoyi, ya iya nemo abu a waya cikin minti biyu wanda dattijo zai kwana yana nema. Dattijo kuma ya san gidan kowane yaro, ya san wanda ke zuwa ba karin kumallo. Shi ya sa muka kira abin adashi: kowa ya zuba abin da yake da shi, kowa kuma ranar kwasarsa tana zuwa.

Mun san abin da ke zukatan malamai yanzu, don mun ga wasu suna kallon ƙasa. Na farko kunya da girma. Yaya malamin da ya koyar da uban yaro zai tsaya ɗan cikinsa yana kallonsa da takarda a hannu? Amsarmu, babban ne ma ya kamata ya fara, domin in shugaban makaranta ya buɗe ajinsa aka shiga aka fito ba abin da ya ragu a jikinsa, sauran za su saki jiki. Kuma tunda tare aka shirya darasin, in bai tafi daidai ba na kowa ne, ba na wanda ya riƙe alli ba. A wurin tattaunawa kada a ce Malam ka yi kaza. A ce mun ga yara shida a layin baya sun rubuta kaza, me ya kai su? Da an bi ta kan yaro, maganar ba ta zafi.

Na biyu tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Malami zai ce yau a kalle ni, gobe a kai rahotona wurin kwamiti a rage mini albashi ko a sallame ni. A kan wannan muna so kwamiti ya yi alkawari a gaban Sarki da limamai: abin da aka gani a zaman malamai ba zai shiga maganar albashi ko sallama ba. Mu 'yan kwamiti da iyaye ba za mu shiga zaman ba sam, ko da mu muka sayi tabarmar da ake zaune a kai. Ranar da aka mayar da shi wurin kama mai laifi, ranar ya mutu, kowa zai zo ya yi wasan kwaikwayo da darasin da ya riga ya bita da yara jiya.

Na uku lokaci, kuma wannan shi ne wanda ya shafi aljihunmu. Yawancin malamanmu albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Wani yana tashi daga aji ya hau babur ya yi acaba, wata tana da ɗinki, wata tana da yara da girki suna jiranta. In muka ce su zauna awa biyu a mako don Allah kawai, mun ɗora musu kaya a kan kaya, kuma ba zai wuce wata biyu ba. Dole awa biyun nan su zama cikin aikin da ake biya. Ko dai a tashi yara da wuri rana ɗaya a mako, iyaye kuma su yi haƙuri kada su zo suna cewa an rage wa 'ya'yansu karatu, ko kuwa a biya malamai kuɗin zaman daban.

Ga abin da muke kawowa gaban taro a duba. Malaman Islamiyya su riƙa zama ranar Alhamis da hantsi tunda ba karatu, na boko kuma ranar Asabar, sannan sau ɗaya a wata a haɗu gaba ɗaya, domin yaran dai su ne ɗaya. Kowane rukuni kada ya wuce mutum shida, kuma kowanne a sa masa sabon malami ko ɗalibin kwaleji aƙalla ɗaya. Malamai mata in sun fi sakewa a nasu rukunin, a bar su, a kuma sa lokacin da ba zai ci karo da girki ba. A zangon farko darasi biyu kacal muke so a nazarta, ɗaya na ɗebewa a aji biyu, ɗaya na haruffan da ke ba yaranmu wuya a ajin farko na Islamiyya. A sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi a ajiye a ofis, duk darasin da aka gama a rubuta yadda aka shirya shi, da abin da yara suka yi, da abin da za a sauya in an sake. Littafin na makaranta ne, ba ya bin kowa gida.

Kuɗin da ake bukata na shayi da burodi ne, da takardu, da ladan zaman malamai, da kuɗin motar wani malamin kwaleji da za a riƙa gayyatowa sau ɗaya a zango ya saurara ya ba da shawara. Mun riga mun yi magana da 'yan goro da 'yan kara da masu canji, kowane ɓangare ya yarda zai ɗauki zango guda, 'yan goro ne za su fara. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, duk wanda zai ƙara wani abu ya rubuta sunansa kafin ya fita. Shugabannin makarantu kuma muna roƙon su tsaya bayan addu'a, su ba mu sunayen rukunansu da ranar da za su yi zaman farko.